Zazzaɓin dengi: a kula da randa da duro

'Yan'uwa, tun da zazzaɓin dengi ya ɓarke a garin Abeche na ƙasar Chadi a watan Agustan 2023, ya kamata mu sani cewa sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro na dare kaɗai bai wadatar ba. Yana yin ƙwai ne a ruwan da muke ajiyewa cikin randa da duro, shi ya sa ake so a rufe su, a goge cikinsu kowane mako, domin ƙwan yana manne ko ruwan ya ƙafe. Mai zazzaɓi ya sha farasitamol da ruwa sosai, ya guji asfirin, wanda ke ƙara zubar jini. Idan zafin jiki ya sauka amma aka ga amai, ciwon ciki ko jini a dasashi, a garzaya asibiti.