Tantin arha na zuwa biki a Ingila: wanda zaka saya da wanda zaka bar musu a kanti

In dai ka samu tikitin bikin kiɗa na Glastonbury, ko Reading, ko Leeds, ko wani ƙaramin biki na kwana uku a bayan gari, toh ka sani babu ɗaki a wajen, fili ne kawai da ciyawa, kowa da tantinsa a kafaɗa. Glastonbury ma a gonar shanu ake yinsa, Worthy Farm da ke Somerset, tun 1970 da Michael Eavis ya fara shi, yanzu kusan mutum 200,000 ne ke cika wajen a ƙarshen watan Yuni, a buɗe ƙofa Laraba a watse Litinin, kaga kwana biyar kenan a cikin ɗan ƙyallen da ka saya. Reading da Leeds su kuma ƙarshen Agusta ne. Bayan tikiti ya gama da aljihu ba wanda ke da kuɗin tanti mai tsada, kuma ba sai mai tsadar ba, amma akwai arhar da ka saya kayi barci akwai wadda zaka kwana a zaune kana matse safa.

Fara da girma. Abin da suka rubuta a jikin jakar kada ka yarda da shi, in sunce na mutum biyu ne nufinsu mutum biyu su kwanta kafaɗa da kafaɗa ba jaka ba takalmi ba komai, faɗin da suke ba kowane mutum wajen santimita 60 ne ko ƙasa da haka. Saboda haka ƙara mutum ɗaya a lissafi, kai kaɗai ne sayi na mutum biyu, ku biyu ne sayi na uku. In kai dogo ne duba tsawon ma, wanda bai kai mita 2 ba zaka kwana kanka na taɓa bango ƙafarka na taɓa ɗaya bangon, kuma duk inda jikinka ko bargonka ya taɓa bangon tanti nan ne danshi zai shigo maka.

Wannan ya kawo mu kan babbar maganar, wadda in ita kaɗai ka riƙe ma ta isa. Tanti iri biyu ne, akwai mai rufi ɗaya akwai mai rufi biyu. Mai rufi biyun yana da ɗan ɗaki na yadi mai shan iska a ciki, sannan wani rufi mai hana ruwa a samansa, da ɗan sarari a tsakaninsu. Mai rufi ɗaya kuwa ƙyalle ɗaya ne tal tsakaninka da sama, shine wanda zaka gani an tara a manyan kantuna da hoton matasa suna dariya a jiki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mutane suna cewa ai tantin yoyo yake, alhali sau da yawa ba ruwan sama bane ma, numfashinka ne da gumin jikinka. Dare yayi sanyi, tururin ya tashi ya haɗu da ƙyalle mai sanyi ya koma ruwa, kamar dai murfin tukunya in ka ɗaga shi, da asuba ka miƙa hannu ka taɓa rufin ya zubo maka a fuska, wayarka ta jiƙe, rigar da ka ajiye don gobe ta jiƙe. A mai rufi biyu ruwan nan a rufin waje yake taruwa ya gangara ƙasa kai kana ciki a bushe. Bambancin kuɗin ba wani mai yawa bane, a kantuna irin su Decathlon ko Go Outdoors ko Argos ko Mountain Warehouse ana samun ƙaramin mai rufi biyu ƙasa da fam 50, ballantana in ka dace da rangwame. Ni dai a wajena mai rufi ɗaya na yara ne su yi wasa a bayan gida.

Sai lambar ruwa. A jikin takardar zaka ga HH da wata lamba da mm a gaba, wato tsawon ruwan da za a tara a kan yadin kafin ya fara tsiyayowa. Mai 1500 ma ana kiransa mai hana ruwa, amma da irin saman Ingila da zata kwana tana yayyafi ga iska, nemi 2000 zuwa 3000. Shimfiɗar ƙasan kuma ta fi haka, tunda ita kake dannawa da gwiwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ta zama an ɗinke ta da jikin ɗakin ta ɗan hauro sama ta gefe. Amma fa lamba ba ita ce komai ba, juya rufin ka duba bayan ɗinki, ya kamata kaga wani siririn tef mai kama da leda an manne shi a kan layin zaren. In babu shi ruwa ta ramin allura zai bi ko da lambar 5000 ce. Ja zif ɗin sama da ƙasa kaji, in tun a kanti yana cin yadi toh ranar da hannunka ya daskare ƙarfe uku na dare sai ya nuna maka halinsa.

Yanzu irin mai tashi da kansa, wanda kake jefawa ya buɗe. Quechua, wato tambarin kantin Decathlon, su ne suka yi suna da shi tun 2005 da suka fito da tantin da suke kira 2 Seconds, kuma nasu mai rufi biyu ne, babu laifi. Matsalar biyu ce. In an naɗe shi ƙaton da'ira yake zama, ba ya shiga jakar baya, a jirgin ƙasa ko bas sai ka dinga bugun mutane kana basu haƙuri, gashi daga inda aka sauke ka zuwa inda zaka kafa tafiya ce mai nisa a cikin taɓo da kaya niƙi-niƙi. Ta biyun naɗewa, ranar Litinin da safe zaka ga ƙato da gemunsa yana kokawa da tanti, ya danne nan can ya tashi. In da mota zaka je kuma ka koyi naɗin, saya abinka. In ba haka ba mai sanduna biyu da ke giciye da juna a sama ya fi, minti goma ka kafa shi, jakarsa siririya, nauyinsa kilo 2 zuwa 3. Sandunan na arha na fayiba ne, suna tsagewa in ka tanƙwara da ƙarfi, ka tafi da tef mai ƙarfi saboda haka. Na alminiyam sun fi amma wannan kuɗin masu hawa dutse ne, manta da shi.

Abu biyu ne nake ganin sun cancanci ƙarin fam goma ko ashirin. Ɗan zaure a bakin ƙofa inda zaka cire takalmin roba mai taɓo kafin ka shiga, da kuma baƙin ɗaki. A ƙarshen Yuni wajen ƙarfe 5 rana ta fito, kafin 8 tanti ya ɗau zafi, kai kuma ƙarfe biyu ka kwanta. Decathlon suna kiran nasu Fresh & Black, Coleman ma suna da nasu, ciki duhu ko da rana tsaka, sai dai ka riƙe tocila don neman abu. Af, ka sa a ranka ƙaramin tanti tsayinsa mita ɗaya ne da ɗan kai, ba a miƙewa tsaye a ciki, sallah a waje zakayi, ka tafi da leda mai kauri ta shimfiɗawa ƙarƙashin darduma.

In kuɗin sun yi ƙasa sosai duba na hannu a Facebook Marketplace ko eBay, amma sai an buɗe maka, ka ƙirga sanduna, ka shinshina, in yana warin ruma ko cikin rufin yana ɓarewa yana manne hannu bar shi. Sabo ko tsoho dai ka kafa shi sau ɗaya a gida ko a filin unguwa kafin tafiya, ka ƙirga turakun, ka sayi ƙari don na cikin jakar siraran ƙarfe ne masu lanƙwashewa, ka haɗa da ƙaramar guduma ta roba.

A filin kuma kada gajiya ta sa ka yada zango a kwari. A 2005 ruwa ya sauka a Glastonbury har tantunan da ke gangare suka nutse, saman wasu kawai ake hangowa. Hau tudu, nisanci ban ɗaki da bakin hanya, juya ƙofa ta ba iska baya, ka ɗaure igiyoyin duka ko da gari garau ne. Kada ka sa kwaɗo a zif, ɓarawo gani zai yi akwai abin ɗauka kuma reza ɗaya ta ishe shi, Glastonbury suna da wajen ajiya kyauta, kai fasfo da kuɗi can. Risho ko gawayi kuma ko ya mutu kada ya shiga tanti don jin ɗumi, iskar da ke fita daga gawayi ba ta da wari kuma tana kashe mutum a cikin barci.

In an tashi ka naɗe kayanka ka tafi da shi. Mutane da yawa suna barin nasu wai ƙungiyoyin agaji zasu kwashe, kaɗan ne ake iya kwashewa, sauran bola ake kaiwa, ƙungiyar masu shirya bukukuwa masu zaman kansu ta Birtaniya ta ƙiyasta tanti 250,000 ake yasarwa duk shekara, kuma yawanci roba ce da ba ta ruɓewa. Da ka isa gida fito da shi daga jaka a ranar, rataya a kan ƙofa ko igiyar shanya sai ya bushe ƙarau har shimfiɗar ƙasan, ka goge turakun, sannan ka mayar. In ka bar shi a jiƙe sati ɗaya ruma ta kama shi, kuma warin nan ba ya fita.