Kurakuran da ɗaliban digiri na biyu suka fi yi da malamin da ke duba kundinsu

A ganina, abin da ya fi jinkirta kundin digiri na biyu a jami'o'inmu shi ne shirun da ɗalibi yake yi a gaban malamin da ke duba aikinsa. Tarbiyyarmu ta koya mana girmama malami, kuma abu ne mai kyau, amma ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa tambaya ma rashin ladabi ce. Sai ɗalibi ya shiga ofis, Malam ya ce masa bitar ayyukan da suka gabata ba ta da alƙibla, ya amsa da "To, Malam, na gode", ya fita bai fahimci abin da ake nufi ba. Idan ya koma gida sai ya ƙara shafuka masu yawa a babi na biyu, inda bitar take, alhali ragewa da sake tsarawa ake so ya yi. Gyaran shi ne ka yi tambaya tun kana zaune, ka ce: "Allah ya gafarta Malam, so ake in rage ayyukan, ko in jera su bisa manufofin binciken?" Ka shiga da littafin rubutu, ka rubuta kowace magana, sannan a ranar ka aika masa taƙaitaccen abin da kuka tsayar ta imel ko WhatsApp, domin malamin da yake duba ɗalibai da yawa ba zai riƙe duk abin da ya faɗa wa kowa ba.

Kuskure na biyu shi ne ɓacewa. Ɗalibi yakan yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba, sannan ya bayyana ɗauke da babi biyar a dunƙule yana neman sa hannu saboda ranar kare kundi ta ƙarato. Malamin nan yana koyarwa, yana duba takardun jarrabawa, yana zaman kwamitocin sashe, kuma idan kuskuren yana cikin hanyar binciken da ke babi na uku, to babi na huɗu da na biyar duk sun rushe. Ka riƙa miƙa aiki babi-babi, ku yi yarjejeniya tun farko a kan lokacin haɗuwa, kuma ka ba shi aƙalla mako biyu ko uku kafin ka tuntuɓe shi. Ko an rufe makaranta, kamar yadda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ɗauki wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, karatu da tattara bayanai suna hannunka, kuma ba sa buƙatar ofis.

Akwai kuma masu zuwa hannu rabbana suna jiran Malam ya ba su batun bincike, da masu kawo batun da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya ce zai yi nazarin tasirin kafofin sada zumunta a kan matasan Arewa bai san inda zai fara ba, balle inda zai tsaya. Amma wanda ya ce zai duba yadda 'yan kasuwar Kantin Kwari suke tallata atamfa da shadda ta WhatsApp ya san mutanen da zai tambaya da wurin da zai same su. Ka je da batutuwa biyu ko uku, kowanne da bayanin shafi guda, sai Malam ya taimaka maka ku zaɓa.

Batun gyare-gyare yana ɓata tsakanin malami da ɗalibi fiye da yadda ake zato. Babu abin da yake kashe wa malami gwiwa kamar ya cika shafi da jan biro, a dawo masa da aikin, ya tarar da kuskuren yana nan inda ya bar shi. Idan za ka mayar da babi, ka haɗa da tsohon kwafin, da wata takarda mai nuna kowane gyara da shafin da aka yi shi. Inda ba ka yarda da gyaran ba, kada ka tsallake shi a ɓoye. Ka kawo hujjarka cikin ladabi, domin kundin naka ne, kuma kai mai jarrabawa na waje zai yi wa tambaya. Idan malamai biyu ne suke duba ka, kuma ra'ayinsu ya saɓa, kada ka riƙa kai maganar wannan wurin wancan, ka nemi su zauna tare da kai a tsayar da magana guda.

Malami ba mai gyaran rubutu ba ne. Ka nemi littafin ƙa'idojin makarantar manyan digirori ta jami'arka, ka bi salon manazarta da sashenka ya amince da shi, ko APA ne ko waninsa, kuma manhajar Zotero kyauta ce, tana sauƙaƙa tsara manazarta. Kwafe aikin wani, ko biyan wani ya rubuta maka, ko liƙa abin da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya samar, duk suna zubar da mutuncinka da na malamin da ya sa hannu. Jami'o'i da yawa suna bincikar kundi da Turnitin, manhajar gano kwafe, kuma ChatGPT yakan ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su.

Wani lokaci laifin daga malamin yake, kamar ya riƙe babi wata da watanni, ko ya nemi kuɗi, ko ya matsa wa ɗaliba da abin da bai dace ba. Haƙuri da gunaguni a bayan ido ba sa warware irin wannan. A kan jinkiri, ka fara da tunatarwa a rubuce, sannan ka je wurin jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digirori a sashe, sannan shugaban sashe, kana riƙe da kwanan watan da ka miƙa kowane babi. Neman kuɗi da cin zarafi kuwa ba a jira a kansu: a adana saƙonnin, a kai ƙara a rubuce, a nemi a canza mai duba aikin.