Kafin ka ce "namu ya yi mana": yadda nake duba lissafin shugaba da garinsu

Shekara 33 na yi ina aikin akanta a gwamnati kafin na yi ritaya, kuma cutar da aikin ya bar min ita ce ba na iya jin magana ban tambayi ina rasit ba. A majalisarmu ta bayan sallar Isha'i, ƙofar shagon wani tela a Ƙofar Na'isa, akwai musun da ba ya tsufa. Wannan ya ce Abacha ya yi wa Kano, wancan ya ce Buhari Daura kaɗai ya sani, wani dattijo kuma kullum maganarsa ɗaya: mu 'yan Arewa inuwar giginya muke haifa, na nesa ka sha. A yi ta ɗaga murya har mai shayi ya fara haɗa kofunansa. Da abin ya ishe ni sai na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ja layi a tsakiyar kowane shafi, dama shiga, hagu fita. Ga yadda nake cika shi, ko wani zai so ya gwada a kan kowane shugaba. Kayan aikin ba su da yawa: littafi, biro, fensir, waya mai data, da kuɗin adaidaita sahu.

Fara da yanke wa kanka abin da kake nufi da "yankinsu", domin rabin musun nan daga nan yake tasowa. Garin haihuwa kake nufi, ko jiha, ko Arewa maso Yamma, ko Arewa baki ɗaya? Idan Kano ce, shugabannin ƙasa biyu muka yi: Janar Murtala, daga 29 ga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976, sai Janar Abacha, daga Nuwamba 1993 zuwa Yuni 1998. Idan shiyya ce, sai ka ƙara Shagari, da 'Yar'aduwa, da Buhari sau biyu, ka ga an haura shekara 20 a kan kujera. Zaɓi ɗaya ka rubuta a bangon littafin. Kada in lissafi ya juya maka baya ka ce ai Arewa kake nufi, alhali da Fagge ka fara.

Sai ka rubuta ranar hawa da ranar sauka a saman shafi, da manyan baƙi. Duk aikin da za ka shigar, nemi shekarar da aka fara shi da shekarar da aka gama. Wannan kaɗai zai zubar da rabin abin da ake faɗa a majalisa.

Daga nan sai babban tarko, wato suna. Mu a Kano muna da yawan saka wa gini sunan manya, shi kuma yaro in ya taso ya ga suna a jikin bango sai ya ɗauka mai sunan ne ya gina. Asibitin Murtala tun zamanin Turawa yake nan, daga baya aka sa masa sunan. Murtala kwana kusan 200 ya yi a mulki, kuma manyan abubuwan da ya bari su ne ƙara jihohi zuwa 19 da yanke shawarar mayar da babban birni Abuja; ba unguwarsu Kurawa ya kai shi ba. Gadar Hotoro mai sunan Muhammadu Buhari aikin gwamnatin jiha ce, haka asibitin Giginyu mai sunansa. Saboda haka tambayar ba sunan wa aka sa ba ce, aljihun wa aka taɓa. Je wurin da ƙafarka ka karanta allon kwangila in yana nan, ko dutsen da aka manna ranar buɗewa. Zai faɗa maka ma'aikatar da ta bayar da aikin, ta tarayya ce ko ta jiha. In ta jiha ce, tsallake, wannan lissafin gwamna ne, littafinsa daban.

Ka kuma juya tambayar, ka ga me Kano ta samu a hannun waɗanda ba 'ya'yanta ba. Dam ɗin Tiga, wanda shinkafar Kura da tumatirin Kadawa suke sha daga gare shi, an kammala shi a 1974, zamanin Gowon, gwamna kuwa Audu Baƙo. Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, Obasanjo na kan mulki. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988 aka kafa shi, lokacin Babangida ɗan Minna. Ranar da na karanto wannan a majalisa, telanmu ya ajiye almakashi ya ce, "Baba Akanta, to kenan bare ya fi naka?" Na ce masa a'a, ba haka na ce ba. Kano birni ce da duk wanda ya hau sai ya yi mata wani abu, don kasuwarta da yawan jama'arta da ƙuri'arta. Abin da kake nema shi ne rarar da ɗan gida ya ɗora a kan abin da dama za a yi.

Wannan rarar kuwa ba a ganinta sai da gwadawa da maƙwabta. Ɗauki misalin Jonathan. An kafa jami'ar tarayya a Otuoke, garinsu, a 2011, kuma na sha jin ana kafa hujja da ita. Amma jami'o'i 9 aka kafa a wannan shekarar, ciki har da ta Dutse, da ta Dutsin-Ma, da ta Kashere, a 2013 kuma aka ƙara Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. To Bayelsa ba ta samu abin da Jigawa ba ta samu ba. Son kan, in akwai, yana cikin zaɓen garin da aka ajiye ta a cikin jihar. Haka PTF, hukumar asusun rarar kuɗin man fetur ta zamanin Abacha, wadda Buhari ya shugabanta: duk wanda ya girme wa shekara 40 yana tuna maganin PTF a asibiti da titunan da ta gyara, amma a faɗin ƙasa ta yi aiki, don haka ba na sa ta a matsayin kyautar ɗan gida. Daura kuma lissafinta ya bambanta. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, jami'ar sufuri da aka aza harsashinta a 2019, asibitin sojojin sama, duk a gari ɗaya cikin shekara 8. Nemi gari mai girmanta a Katsina ko Jigawa, ka ce Malumfashi ko Gumel, ka jera abin da ya samu a waɗannan shekarun. Tazarar da ka gani ita ce amsarka, ba sai kowa ya yi rantsuwa ba.

Akwai aikin da ke rikita wannan gwajin, kamar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da fara aikinsa a 2021, wanda ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mutumin Legas zai ce don Daura aka yi. Ɗan kasuwar Dawanau da ya san tireloli nawa ke tashi zuwa Nijar zai ce an ma makara. A irin wannan nakan tambayi kaina abu ɗaya: da wani ne a kujerar, aikin nan zai iya kare kansa a gaban masu lissafi? In zai iya, rabin maki nake ba ɗan gida.

Yanzu maganar fensir. Duk aikin da aka gama kuma yana aiki, da biro nake rubuta shi. Wanda aka yi alƙawari, ko aka aza harsashi, ko yana cikin kasafin kuɗi, fensir. Na yi shekaru ina ganin yadda takarda ke tafiya, kuma ina gaya maka tsakanin a sa aiki a kasafi da a saki kuɗinsa akwai tafiyar da ta fi Kano zuwa Legas. Ofishin kasafin kuɗi na tarayya yana saka kundin kowace shekara a intanet. Sauke shi, ka nemi sunan ƙaramar hukumarku a ciki. In ka ga titi ɗaya yana dawowa shekara huɗu a jere, ka san ba a yi shi ba. Kana da ikon rubuta wa ma'aikata takarda ka nemi bayanin nawa aka saka, ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Ni na taɓa rubuta wa wani ofis, yau shekara uku ina jira, amma ka rubuta ɗin, ka riƙe kwafi mai hatimi. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairu 2023, na sa mata biro. Hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara sake ginawa a 2018, rabi biro rabi fensir, gwargwadon inda na bi da kaina.

Muƙamai kada ka ɓata musu tawada da yawa. Tsarin mulki na 1999 ya wajabta a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, don haka samun minista ba alfarma ba ce. In kuma an ba ɗan unguwarku shugabancin babbar hukuma, abin da unguwa ke gani shi ne katanga ta ƙara tsawo, an zuba kwalta daga bakin titi zuwa ƙofar gidansa, da layin masu karɓar shinkafa da azumi. Sai dai in ka iya ƙirga yaran da ya sa a aiki, to wannan rubuta.

Shafin hagu shi ne wanda mutane ba sa son cikawa, kuma nan ne lissafin yake nauyi. Doka guda da aka sa wa hannu a Abuja tana iya cinye gine-gine goma. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Manomin shinkafa a Kura da masu injin casa sun ji daɗi, wannan dama. Ɗan kasuwar Dawanau da direban Jibiya da mai sayen mudu a Rimi sun ji jiki, wannan hagu. Doka ɗaya, shafi biyu, kuma dole ka rubuta duka ko da kana son mutumin. Tsaro ma a nan yake shiga: a Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a makon da shugaban ƙasa yake hutu a Daura. Sannan ka duba alƙaluman talauci da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022, inda ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Jihar da ke kan gaba Sakkwato ce, ta Shagari, mai bi mata Bayelsa, ta Jonathan.

Ba mu kaɗai ke wannan musun ba. Wasu masana tattalin arziki biyu sun duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare a ƙasashe 126, daga 1992 zuwa 2009, suka ga yankin da aka haifi shugaba yakan ƙara haske yana kan mulki, musamman inda hukumomi ba su da ƙarfi, kuma hasken yakan ja baya in ya sauka. (Da a Kano suka auna, da janareto da sola suka ƙirga, amma bar wannan.) A Kenya an gano gundumomin ƙabilar shugaba suna samun ninki biyu na kuɗin titi a zamanin jam'iyya ɗaya, bambancin kuma ya ɓace a lokutan da ake zaɓe na jam'iyyu da yawa. Mobutu, shugaban Zaire, ya gina fadoji a garinsu Gbadolite da filin jirgin da har jirgin Concorde ke sauka. Da ya faɗi a 1997 aka wawashe su, ciyawa ta cinye sauran. Darasin da na ɗauka don littafina shi ne kada in rufe shafin shugaba sai ya shekara 10 da sauka. Koma wurin. Famfon yana kawo ruwa ko 'yan garuwa ne a bakinsa? Asibitin akwai likita da dare?

Da wannan ma'aunin na duba shafin Abacha, sai na ga abin da ya fi daɗewa ba filin wasa na Ƙofar Mata mai sunansa ba ne, duk da an buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999 da kofin Afirka a 2000. Abin da ya daɗe ba shi da allo ko dutsen buɗewa: a 1996 ƙananan hukumomin Kano suka cika 44, Legas tana da 20. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi na karɓar kashi 20.60 cikin ɗari, kuma kashi 40 na wannan kuɗin raba-daidai ake yi tsakaninsu. Ma'ana kowane wata, kusan shekara 30 ke nan, wannan adadin yana jawo wa Kano kuɗi, ko wa ke mulki. Wannan biro ne mai kauri. Ko kuɗin yana isa Warawa da Makoɗa, ko yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wannan kuma sai ka buɗe littafin gwamnoni. Har Kotun Ƙoli sai da ta yi hukunci a kai a Yulin 2024.

In ka gama, kada ka haɗa jimilla kai kaɗai. Kai littafin majalisa, ka miƙa wa wanda ya fi kowa adawa da ra'ayinka, ka ce ya nemo abin da ka tsallake. Nawa telan ne ya karɓa, ya kwana biyu da shi, ya dawo min da shi ya ce, "Baba, ka manta bututun gas." Gaskiyarsa. Na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da fara aikinsa a 2020, wanda aka ce zai tayar da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Na karɓi fensirin da yake saƙalewa a kunne na rubuta shi a shafin Buhari, ƙarƙashin layin dogon Maraɗi.