Tikitin jirgin ƙasa a ƙasar waje: inda za a saya da yadda za a karɓa

Da wuya sabon zuwa ya yi mako biyu a Turai bai buƙaci shiga jirgin ƙasa ba, ko don zuwa makarantar da ta ɗauke shi, ko ofishin da zai karɓi takardar zamansa, ko kuwa ziyarar ɗan'uwa a wani gari. Yawanci hankalinsa yana kan farashi ne kawai, yana ta lalube ko zai dace da mai rahusa. Amma abin da ya fi jefa baƙi cikin wahala ita ce 'yar tambayar da shafin sayarwa yake yi a can ƙarshe, gab da biyan kuɗi, wato ta wace hanya mai saye yake so ya karɓi tikitinsa. A lokacin mutum ya riga ya gaji da cike-cike, sai ya danna abin da ya fara gani, bai san cewa wannan zaɓin ne zai yanke abin da za a nema a hannunsa ranar tafiya ba.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a zuciya shi ne saƙon imel da ke tabbatar da an karɓi kuɗinka ba lalle ne ya zama tikiti ba. Wani lokaci shaidar biya ce kawai, mai ɗauke da lambar da za ka je ka ciro tikitin da ita. Na taɓa tsayawa bayan wani matashi a wata tasha a Ingila, da akwati biyu da jakar goyo, yana ta manna wayarsa a gilashin ƙofar shiga, ƙofar kuma ta ƙi buɗewa. Da ma'aikaciyar tashar ta duba, sai ta ga rasidi ne yake nunawa. Ta nuna masa na'urar cire tikiti a gefe, ya je, na'urar ta ce ya saka katin banki. Ashe yayansa ne ya saya masa daga wani gari, katin kuma yana aljihun yayan. Kafin a gama kiraye-kirayen waya da bin layin taga, jirgin ya tashi, tikitin kuma irin mai arha ne wanda ba ya aiki sai a wannan jirgin.

Wannan hanya ta cirewa a na'ura ta zama ruwan dare a Birtaniya. Kana saye ta intanet, a ba ka lamba mai haruffa da alƙaluma guda 8, ka je tasha ka saka kati, ka buga lambar, sai tikitoci na kwali su faɗo. Sau da yawa na'urar tana neman ainihin katin da aka biya da shi, saboda haka duk wanda wani ne zai biya masa, to ya nisanci wannan zaɓi. Kuma idan ka cire, ka jira na'urar ta gama aikinta, domin takan fitar da kwalaye da dama masu kama da juna: na tafiya, na dawowa, na lambar kujera, da rasidi. Mai gaggawa yakan ɗauki biyun farko ya wuce, ya bar na dawowarsa a cikin akwatin na'urar. Har ila yau ba kowace ƙaramar tasha ce take da irin wannan na'ura ba, don haka a tabbatar tun kafin a biya.

A ganina, ga mafi yawan sababbin zuwa, tikitin da ake aikowa a waya ya fi sauƙi, wato mai zanen nan murabba'i da na'ura ke karantawa. Ba ya buƙatar kati, ba ya buƙatar adireshi, kuma ɗan'uwa yana iya saye ya turo maka. Sai dai shi ma yana da nasa sharuɗɗa. Wani yana zuwa a matsayin takarda da za ka iya adanawa a waya ko ka buga a farar takarda, wani kuma ba ya fita daga cikin manhajar kamfanin, sai ka shiga da asusun da aka saya da shi. Na farkon ya fi dacewa da wanda bai riga ya sami layin waya na ƙasar ba. A sauke shi tun ana gida inda ake da intanet, domin a cikin jirgi, musamman idan ya shiga ramin ƙarƙashin ƙasa, sadarwa takan ɗauke daidai lokacin da mai duba tikiti ya iso taragonka. Mutuwar batir kuma ba uzuri ba ce a wurinsa. Wanda zai yi doguwar tafiya ya buga kwafi ɗaya ya ninke a cikin fasfonsa, in dai nau'in tikitin ya yarda da hakan.

A Jamus tikitin da aka saya ta shafin Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, ko manhajarsa DB Navigator yana ɗauke da sunan matafiyi, kuma mai dubawa yana da ikon neman katin shaida ko fasfo don ya gwada sunan. Saboda haka idan wani ne yake saya maka, sunanka zai rubuta a gurbin matafiyi, kamar yadda yake a fasfo, ba nasa ba, ba kuma laƙabin da aka saba kiran ka da shi ba.

Aiko da tikiti ta gidan waya kuwa ba na ba baƙo shawarar sa. Wanda yake zaune a masauki na wucin gadi, ko sunansa bai hau kan akwatin wasiƙun gidan ba tukuna, yana iya wayar gari ranar tafiya wasiƙa ba ta iso ba.

Sai maganar inda za a saya. Akwai shafin kamfanin jirgin kansa, kamar SNCF Connect a Faransa, Trenitalia da Italo a Italiya, Renfe a Sifaniya, akwai kuma dillalai irin su Trainline da Omio waɗanda suke haɗa kamfanoni da yawa a wuri ɗaya. Amfanin dillali a fili yake: yana nuna komai da harshen da baƙo yake ji, kuma wani lokaci katin bankin da shafin kamfani ya ƙi karɓa, shi yakan karɓa. Illarsa ita ce yakan ɗora 'yar la'ada, kuma idan an zo canja rana ko neman a mayar da kuɗi, kamfanin jirgin zai ce ka koma inda ka saya. Ni dai idan tafiyar a cikin ƙasa ɗaya ce, nakan duba farashi a wurin dillali, sannan in saya daga kamfanin. Tagar sayar da tikiti a tasha ma kada a raina ta, musamman ga wanda yake riƙe da tsabar kuɗi kawai saboda bai buɗe asusun banki ba, ko wanda tafiyarsa take da rassa yana son ya yi wa mutum bayani baki da baki.

Arha a jirgin ƙasa kusan kullum tana zuwa da ɗauri. A Birtaniya tikitin Advance na jirgi ɗaya ne, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya. Off-Peak yana aiki ne a lokutan da babu cunkoson ma'aikata, Anytime kuma yana aiki a kowane jirgi amma da tsada. A Jamus Sparpreis da Super Sparpreis suna ɗaure ka da jirgin dogon zango da ka zaɓa, Flexpreis kuwa yana sake ka. Inda wannan ya fi cizon baƙi shi ne ranar sauka daga jirgin sama. Mutum yana gida ya lissafa cewa zai sauka ƙarfe 7, sai ya sayi tikiti mai ɗauri na ƙarfe 8 da rabi, bai sa layin jami'an shige da fice da jiran kaya a lissafi ba, alhali mai shiga da biza a karon farko ana iya tsayar da shi a yi masa tambayoyi. Idan jirgin sama ya makara, kamfanin jirgin ƙasa ba ruwansa. Ranar isowa a sayi tikiti mai sassauci, ko a bar tazarar sa'o'i uku zuwa huɗu, ko a bari sai an fito da kaya sannan a saya.

Haka kuma idan tafiyar tana da canjin jirgi a hanya, ya fi kyau a saye ta duka a tikiti ɗaya. In jirgin farko ya makara har na biyu ya kuɓuce, mai tikiti ɗaya yana da haƙƙin shiga na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, wanda ya yanka tafiyar gida biyu a kamfanoni daban kuwa yana iya rasa wannan kariya. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tanadi diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jinkiri ya kai minti 60, da kashi 50 idan ya kai minti 120. A Birtaniya tsarin Delay Repay a kamfanoni da yawa yana fara biya tun daga jinkirin minti 15. Ana neman shaidar tikitin, don haka kada a yar da kwalin ko a goge saƙon da zarar an sauka.

Akwai wani tarko da ya shafi tikitin takarda kaɗai. A Italiya tikitin jiragen yanki da aka saya a na'ura ko a taga dole ne a buga masa hatimin lokaci a wata 'yar na'ura da ke tashar kafin a shiga jirgi, kuma a wasu biranen Jamus, irin su Balin, haka abin yake ga wasu tikitocin cikin gari. Wanda bai buga ba, ko da tikitin yana hannunsa, hukuncinsa ɗaya da wanda bai saya ba. Tarar shiga ba tare da ingantaccen tikiti ba a Jamus aƙalla yuro 60 ce. A Ingila tun Janairun 2023 tarar ta koma fam 100 ban da kuɗin tafiyar, tana sauka zuwa fam 50 idan aka biya cikin kwana 21. Mai dubawa yana rubuta suna da adireshi, wanda kuma yake zaune da takardar izinin zama ba ya son sunansa ya shiga irin wannan rajista a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wanda zai daɗe a ƙasa, lissafinsa daban ne da na mai ziyara. A Birtaniya katin 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku na farashi, kuma ɗalibin da ya haura wannan shekaru yana iya samu in yana karatu na cikakken lokaci, sai dai dole katin ya kasance tare da kai, in ba haka ba tikitin rangwamen ya zama mara inganci. A Jamus akwai katunan rangwame BahnCard 25 da BahnCard 50, kuma su biyun suna sabunta kansu duk shekara in ba a soke ba. Akwai kuma Deutschlandticket, wanda ya fara a Mayun 2023 a kan yuro 49 a wata, ya koma 58 a Janairun 2025. Yana aiki a bas da jiragen cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar, amma ba ya shigar da kai jirgin ICE mai gudu. Rajista ce ta wata-wata da ake cirewa daga asusunka, wanda yake son dainawa sai ya soke kafin 10 ga wata, in ya wuce to ya biya na watan gaba.

A wajen Turai akwai inda fasfo ne tikitin kansa. A Sin ana saye ta shafi ko manhajar 12306 da lambar fasfo, tikitoci suna fitowa kwana 15 kafin ranar tafiya, kuma a tasha fasfon za ka nuna, sau da yawa a ƙofar da ma'aikaci yake tsaye, ba ta 'yan ƙasa masu katin shaida ba. Harafi ɗaya da aka yi kuskurensa a lambar fasfo ya isa ya hana ka shiga. Jirgin Haramain da ke tsakanin Makka da Madina ta Jidda, wanda ya fara aiki a 2018, shi ma yana neman bayanan fasfo, kujerunsa suna ƙarewa da wuri a Ramadan da lokacin aikin Hajji, kuma yana da iyakar kayan da ake shiga da su. A Indiya kuwa ana iya karɓar kuɗinka a ba ka matsayin jira maimakon kujera, saboda haka a duba ko an tabbatar da wurin zama kafin a nufi tasha.

Tikiti kuma ba biza ba ne. Jirgin Eurostar daga tashar St Pancras a Landan zuwa Gare du Nord a Paris ba ya wuce sa'o'i biyu da rabi, shafin kuma zai sayar maka ba tare da ya tambayi izinin shigarka ba, amma ana duba fasfo kafin hawa, kuma izinin zaman Birtaniya ba ya shigar da mutum yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai, ciki har da Faransa, da ake zirga-zirga a tsakaninsu da biza ɗaya, haka ma na Shengen ba ya shigar da shi Birtaniya. Ko a cikin yankin Shengen ma 'yan sanda sukan hau jirgi a kan iyaka su nemi takardu, don haka fasfo da katin zama su kasance a jiki.

Kafin a danna biya, a sake karanta sunan tasha da lokaci. Jadawalin jirage yana amfani da agogon sa'o'i 24, wato 07:30 safiya ce, 19:30 kuma bakwai da rabi na yamma. Manyan birane suna da tashoshi fiye da ɗaya: jirgin Paris zuwa Marsel daga Gare de Lyon yake tashi, ba daga Gare du Nord ba, tashar Kudu da ta Gabas a birnin Guangzhou na ƙasar Sin akwai tafiya mai nisa a tsakaninsu, a Jamus kuma Frankfurt biyu ce, ɗaya a bakin kogin Main inda babban filin jirgin sama yake, ɗaya a bakin kogin Oder a can kan iyakar Folan.