Darasi na 7: Ba Kurangar Inabi Sinadarin Boron ta Hanyar Ban-ruwa

Boron yana cikin sinadaran da kurangar inabi take buƙata kaɗan ƙwarai, amma idan ta rasa shi a lokacin fure, manomi zai ga abin a jikin nonon inabin: 'ya'ya su fito ƙanana marasa ƙwallo a tsakanin 'yan kaɗan masu girma, gaɓoɓin reshe su gajarce, kan toho kuma ya bushe. An fi samun wannan ƙaranci a ƙasa mai rairayi wadda ruwan sama yake wankewa, da kuma lokacin da ƙasa ta bushe har saiwa ta kasa jan abinci.

Abin da ya sa wannan darasi yake buƙatar natsuwa shi ne, tazarar da ke tsakanin ƙaranci da yawa ƙanƙanuwa ce. Inabi yana fara cutuwa idan boron ɗin da ke cikin ruwan ban-ruwa ya kai miligiram 0.5 zuwa 0.75 a kowace lita, inda bakin ganye yake ƙonewa yana nannaɗewa. Saboda haka aikin farko shi ne a kai ruwan rijiya ko na kogi ɗakin gwaji. Mu yi lissafi tare: idan ruwa yana ɗauke da miligiram 0.5 a lita, aka zuba lita miliyan 5 a hekta ɗaya cikin shekara, to gonar ta sha kilo 2.5 na boron ba tare da an sayi taki ba. Irin wannan gona ba ta buƙatar ƙari ko kaɗan.

Idan gwajin ruwa da na ganye sun tabbatar da ƙaranci, sai a narkar da takin sosai a tanki, a tura shi ta bututun ɗigo makonni kafin fure. Takin boraks yana da boron kashi 11 cikin 100, Solubor kuwa kusan kashi 20, don haka kilo 9 na farko ko kilo 5 na biyu ne yake ba da kilo 1 na boron. Tun da ɗigo yana tara sinadarin a gindin kuranga inda saiwa ta taru, ya fi kyau a tsaya ƙasa da kilo 1 a hekta, a raba shi kashi-kashi, sannan a bi da ruwa zalla don wanke bututu. Wanda ya zarce ƙima zai sha wahala, domin fitar da boron daga ƙasa yana cin ruwa ninki 2 zuwa 3 na wanda ake wanke gishiri da shi.