Darasi na Takwas: Ɗora Manhajar Sarrafa Kwamfuta a kan Filashi

Da yawa daga cikin masu zuwa ajin yamma a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi ba su da kwamfutar kansu, sai dai su shiga kafe ko su ari ta ɗan'uwa idan za su rubuta takardar neman aiki. Wannan darasi zai nuna yadda mutum zai ɗora cikakkiyar manhajar sarrafa kwamfuta a kan filashi, ya sa shi a aljihu, duk kwamfutar da ya samu ya tashe ta da nasa tsarin ba tare da ya taɓa ajiyar mai ita ba.

Manhajar da za mu yi amfani da ita ita ce Ubuntu, wadda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a shekarar 2004, an gina ta a kan Linux, kuma kyauta ake sauke ta. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kai kusan gigabait 6, saboda haka a nemi filashi mai gigabait 16 ko fiye, mai shuɗin harshe a cikin bakinsa, domin galibi shi ne USB 3.0 mai sauri. Idan an je saye a shagunan Adum da ke tsakiyar Kumasi, kada araha ta ruɗi mutum, domin akwai jabun filashi da ke nuna girman da ba su da shi, kuma tun ana cikin aiki suke lalata fayiloli.

A kwamfuta mai Windows, a sauke ƙaramar manhajar Rufus, wadda ita ce za ta ɗora Ubuntu a kan filashin, a cusa filashin, a zaɓi fayil ɗin Ubuntu. Kafin a danna START, a kwashe hotuna da takardun da ke cikin filashin, domin Rufus zai share komai. A nan ne ya kamata a natsu sosai. A cikin Rufus akwai wani ma'auni da ake ja don ware wurin ajiya mai ɗorewa, idan aka bar shi a kan sifili, duk abin da mutum ya rubuta zai ɓace da zarar an kashe kwamfutar, ko da kuwa ya wuni yana bugawa. A ware masa gigabait biyar ko shida. Ya fi kyau a yi aikin a laftof mai cikakken caji, domin idan aka ɗauke wuta ana tsaka da rubutawa, sai an sake daga farko.

Bayan an gama, a kashe kwamfutar, a kunna ta filashin na jikinta, a riƙa danna maɓallin zaɓen abin tashi: yawanci F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. A zaɓi sunan filashin.

Daga nan a zaɓi "Try or Install Ubuntu"; bayan allunan zaɓen harshe da makamantansu, za a ga zaɓi biyu, "Try Ubuntu" da "Install Ubuntu". Na farkon kaɗai muke so. Na biyun yana iya share Windows da dukiyar mai kwamfutar baki ɗaya, kuma amanar da aka ba ka ta fi ƙarfin gaggawa. Haka kuma, a nemi izinin mai kafe kafin a sake kunna na'urarsa, kuma kada a zare filashin sai kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, in ba haka ba ajiyar ciki na iya lalacewa.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da unguwarsa a fayil, ya ajiye, ya kashe kwamfutar, ya sake tashin ta, ya duba ko fayil ɗin na nan.