Yadda ake zuwa bikin littattafan zane daga Sakkwato

Yaran Sakkwato masu cika bayan littafin makaranta da zane, da masu haɗa katun a waya, sun yi yawa yanzu, amma in ka ce musu akwai bikin da ake tara masu wagga sana'a wuri guda sai su ɗauka sai Amurka. E, babban na can San Diego, tun 1970 anka fara shi, watan Yuli ake yi, mutane na haura 130,000 kuma tikiti na ƙarewa tun watanni kamin ranar. Faransa na da nata a garin Angulem tun 1974, Japan na da Comiket a Tokyo tun 1975, Aljeriya ma tun 2008 take nata. To amma wanda ɗan Mabera ko Arkilla zai tahi ba biza ba fasfo shi ne Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya kafa a 2012, galibi watan Satumba ake yin shi. A kansa zan tsaya.

Da farko ka tabbatar da rana da wuri a shafin masu bikin da kansu, ba fostar da wani ya turo a guruf ba. Shekarun nan a zauren taro na Landmark da ke unguwar Victoria Island cikin Ikko anka yi, amma wuri na iya sauyawa. Ka sayi tikiti ta mahaɗin da sunka sa, ka ɗauki hoton shi ka aje cikin waya don netwok na shaƙewa in jama'a ta cika zaure, kana bakin ƙofa kana jiran shafi ya buɗe na bayanka na tsaki.

Sai tahiya. Ta mota kilomita 1,000 ne da ɗoriya, ka bi Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ka ƙetare gadar Jebba, Ilori, Badun sannan Ikko, ga damina ga ramuka ga halin da hanya take ciki, don haka ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kamin ka biya, kuma ka shirya isa kwana guda kamin biki. Wanda ya sauka mota da asuba ya wuce zaure kai tsaye barci zai yi bisa kujera, kuɗɗin tikiti sun tahi banza. Mai hali ya hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III, sau da yawa sai an biya ta Abuja, kuma fawa bank a jakar hannu ake sa shi ba cikin akwatin da za a auna ba. Masauki kuwa in kana da ɗan'uwa a Agege ko Mile 12 ko Idi Araba ka huta da kuɗɗin otal, sai dai nisa, Obalende ta fi su kusa da wurin biki sosai. Kuma ka cire kabu-kabu daga lissafi, tun 2022 gwamnatin Legas ta hana su a yankin Victoria Island. Danfo ce ko manyan bas na BRT da ake biya da katin Cowry ko tasi ta manhaja, ka hita tun da sahe kamin gosulo ya haɗu.

Jakar goyo guda ta isa. Ruwa, kilishi ko dabino (abincin unguwar nan tsadarshi sai ka riƙe baki), caja, lema ƙarama, 'yar darduma, da leda mai kauri ko fayil na roba na sa littattafai. Ka riƙe tsabar kuɗɗi ƙanana ko da kana da kati, tiransifa na maƙalewa.

Yanzu ga inda nike son ka saurara. Kana shiga abin da zai fara jan ka shi ne babban dandamali da lasifika da gasar gem, kowa can ya nufa. Bar su tukuna. Ka nemi layin ƙananan tebura inda masu zane ke zaune da kansu, kowa da littattafanshi 'yan kaɗan da ya buga da kuɗɗin aljihunshi da fosta da sitika, wani ma yana zane nan take kana kallon yadda yake riƙe alƙalami. Abin da ke bisa dandamali gobe za ka gan shi a YouTube, amma mutumin da ke bayan tebur ba ka samun shi zaune yana da lokacinka sai ranar, kuma da sahe ne yake da sauran murya. Ka zaga layin duka sau ɗaya ba ka sayi komi ba, ka riƙe wanda ya burge ka, sannan ka dawo. Ka buɗe littafi a hankali, in ba za ka saya ba kada ka tsaya ka karance shi tas ka aje, kuma don Allah a rage tayi, wanga ba kasuwar Kara ba ce, wanda ya kwashe watanni yana zana shafi 24 bai kamata ka ce ya bar maka rabin kuɗɗi ba. In ka saya ka ce ya sa maka hannu. Sannan ka yi tambaya mai kan gado: wace manhaja yake aiki da ita, ina ya buga, kwafi nawa, shi ke rubuta labari ko wani ke ba shi. Manyan kamfuna awa Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013 su ma daga irin wanga ƙaramin farawa sunka taso, kuma kowa ya ga yadda kamfanin zane na Kugali ya kai ga fitar da katun tare da Disney a 2024.

In kai ma mai zane ne kada ka tahi hannu rabbana. Ka buga shafi 5 zuwa 8 a takardar A4, kuma su zamo shafukan labari masu bin juna, ba fuskar jarumi guda yana huci ba. Masu duba aiki so suke su ga ko za ka iya sa mutum ya shigo ɗaki ya zauna ya yi magana mai karatu ya gane ba tare da rubutu ba, su ga hannu da ƙafa da bango da mota. Ni ra'ayina ka zana abin da ka sani, raƙumi da kaya a hanyar Illela, majema, dambe, 'yan kamun kifin Argungu, don masu kwaikwayon zanen Japan sun cika zauren, mai zana rawani daidai kuwa sai an tona. Ka sa suna da lamba a ƙasan kowane shafi. In an kushe aikinka ka rubuta abin da anka ce, ban da musu. In kuma wani ya miƙo takardar yarjejeniya kada ka sa hannu nan take, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ka ikon aikinka tun ranar da ka zana shi, sa hannu ne ke fitar da shi daga hannunka.

Hoto. Ƙa'ida ta farko ka nemi izini, balle mata da yara, kuma shigar da mutum ya yi ba ta ba ka damar taɓa shi ko kayanshi ba. Masu shigar kwaikwayon jarumai na son a ɗauke su, kana tambaya za su gyara tsayuwa, sai ka karɓi sunan shafinsu ka tura musu. Hasken zaure ba shi da ƙarfi. Mai waya ya goge gilashin kamara da gefen riga, ya kashe filasha, ya matsa da ƙafa maimakon zuƙowa da yatsa, ya ja mutum kusa da ƙofa ko taga haske na bugun fuskarshi. Mai babbar kamara ya buɗe ido zuwa f/2.8 ko f/1.8, gudun shata kada ya gaza 1/125, ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, ya kai 1600 ko 3200 ba laifi, hoto mai ɗan tsakuwa ya fi wanda ya girgiza. Wani abu da mu mutanen busasshiyar ƙasa ba mu saba da shi ba: in ka hito daga sanyin esi zuwa iskar bakin teku gilashi zai yi raɓa fari fat, kada ka yi ta gogawa, ka ba shi 'yan mintuna ya washe da kanshi.

Bidiyo kuma ka sa shi a firem (hotunan da ke bin juna) 25 ko 50 cikin daƙiƙa in wayarka na yarda, wutar Najeriya sau 50 a daƙiƙa take bugawa, shi ya sa in ka bar shi a 30 wani lokaci sai ka ga fitilu na ƙyafta ido cikin hoton. In an shiga nuna gajerun finafinan katun ka maida waya aljihu, ɗauka daga allo sata ce. Ka zauna ka kalla da lissafi, fim na tahiya firem 24 a daƙiƙa, ko da zane 12 anka yi wa kowace daƙiƙa minti guda ya ci zane 720, to sai ka san mi za ka tambayi mai fim ɗin in an ba da dama.

Mai son yin shiga ya fara wata guda kamin tahiya, tela ya ɗinka, dukawa su yi ɗamara da kube da warki da jar fatarmu, ba mai irinta a zauren. Takobi da mashi na kwali ko soso za ka yi, na ƙarfe ko shingen farko na hanya ba zai wuce ba balle ƙofar biki. Naɗin sarauta kuma a bar wa masu shi. 'Yan'uwa mata, ana yin shiga da hijabi tsaf, ku dai tahi da muharrami ko cikin ayari.

Sallah ka tambayi masu gadi, sau da yawa za ka tarar 'yan arewa ne, su za su nuna maka inda ake alwala, kuma kai matafiyi ne kana da kasaru. Da yamma ka bar wurin kamin a watse gaba ɗaya, littattafai cikin leda a tsakiyar jaka saboda ruwan Ikko ba ya sallama. Lambobin da ka karɓa ka rubuta wa kowace alama a daren, wane mai bugu ne wane marubuci, ka aika musu saƙo cikin satin tare da sabon shafi guda da ka gyara bisa abin da sunka gaya maka.